Gefen Hoton Da Ta Yanke

Muhsina ta faɗaɗa hoton a kan kwamfuta.

Ta ƙara...

Ta sake ƙarawa har fuskar da ke can ƙuryar hagu ta cika allon ta fara dusashewa. Duk da haka ba ta ɓace mata ba. Ga tabon nan na saman gira, wanda ya samu ranar da ya faɗo daga bishiyar mangwaron gidansu yana tsinko mata nunannu. Ga agogon nan mai jan madauri. Ga kuma jarka rawaya a hannunsa, a karkace, bakinta na kallon ƙasa.

Yaya Khamis ne.

Yayanta uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya saya mata kyamararta ta farko.

Ta toshe bakinta da gefen hijabi don kada Umma ta jiyo ta daga tsakar gida. Abin da za ta ceci saurayinta Hashim da shi ta buɗe kwamfutar tana nema, ta kuwa same shi, sai dai ya zo riƙe da wuyan ɗan uwanta.

Kafin wannan zanga-zanga ta tsadar rayuwa, Muhsina mai hoton biki ce a Suleja. Daga Magajiya har Kurmin Sarki babu amaryar da ba ta san hannunta ba. Idan ta zauna gyaran hoto, bokitin da aka manta a bayan amarya sai ya ɓace, wayar wuta ta ɓace, yaron da ya leƙo da majina a hanci ya ɓace, a bar ango da amarya fes kamar su kaɗai Allah ya yi a duniya. Oga Linus, tsohon mai ɗaukar hoton jarida da ke da shagon wanke hoto a bakin titi, shi ya riƙa yi mata tsiya cewa tana ɓata idon da Allah ya ba ta a kan gwaggwaro da lalle. A hankali ya ja ta jiki. Ya koya mata tsayawa a gefen taro, ba a tsakiya ba. Ya koya mata cewa da ta ji ƙarar harbi ta zare katin da ke cikin kyamara ta ɓoye shi a jikinta, don kyamara ake ƙwacewa.

Shi kuwa Hashim ɗan Funtuwa ne, yana aikin haɗa wutar sola a Abuja, yana hayar ɗaki a Kwamba. Ya turo manyansa, Baba ya ce a dakata sai an yi bincike. Binciken nan ya ƙi ƙarewa, domin Yaya Khamis aka ɗora wa, shi kuma kullum maganarsa ɗaya ce: ɗan haya ba abin ba wa 'ya ba ne, safiya ɗaya zai naɗe katifarsa a neme shi a rasa.

Ranar da aka fito zanga-zangar, Hashim ya yi mata magiya kada ta fita har ya gaji. Da ya ga ta saƙala kyamara a ƙarƙashin hijabi, sai kawai ya ɗauki gorar ruwa da hankici ya biyo bayanta.

"Tunda ba za ki ji ba, Mai Kyamara, gara duk abin da zai same ki ya fara ta kaina."

Da safe lafiya lau aka fara. Mata da tukwane wayam a ka, samari da kwalaye, ana waƙa ana tafi. Wajen azahar wasu baƙin fuskoki suka kutso, sai hayaƙi, sai barkonon tsohuwa, sai ƙarar da ta sa kowa ya san ba wasa ba ne. A gaban idonta aka rufe Oga Linus da duka duk da rigar 'yan jarida da ke jikinsa, aka ragargaza kyamararsa a kan kwalta, aka karya masa hannu. Layin shagunan katako ya kama da wuta. Daga ciki wata murya ta yi ta kururuwa, muryar Mama Olufunke mai sayar da kayan shayi. Hashim ya saki gorar ruwan ya ruga.

Muhsina ba ta san lokacin da ta danne maɓalli ba. Kyamarar ta yi ta ɗauka a jere. Tana ganin ya janyo tsohuwar waje ta zare katin, ta cusa shi a ƙarƙashin kitsonta, ta ɗaure ɗankwali a kai.

A gida ne ta yi kuskuren.

A cikin hotunan akwai guda ɗaya da ya tsayar mata da numfashi. Hashim a tsaye, ya ɗaga katako mai cin wuta sama zai jefar, rigarsa a yage, hayaƙi ya yi masa rumfa. Bai taɓa yi mata kyau kamar haka ba. Hannunta na mai hoton biki ya shiga aikinsa tun kafin hankalinta ya iso wajen. Ta yanke ƙasan hoton inda ƙafafun tsohuwar da zaninta suka fito a yamutse. Ta yanke hagu inda mutane suka cunkushe. Ta bar shi shi kaɗai, kamar yadda take barin ango. Ta tura wa wani shafin labarai ba tare da sunanta ba.

Kafin gari ya waye hoton ya cika wayoyin mutane. Masu yabo suna cewa ga zakin Suleja. Waɗansu kuwa abin da suka gani daban ne: mutum riƙe da wuta, shaguna na ci a bayansa. Mako bai zagayo ba aka je Kwamba aka fito da shi daga shi sai singileti. Tuhumar ƙona dukiyar jama'a da jagorancin tarzoma, shaidar kuma hotonta ne. Mama Olufunke 'ya'yanta sun tafi da ita garinsu jinya, kuma ko da aka kira ta a waya ta ce ita hayaƙi kawai ta gani.

"Wa ya ba ki izinin kulle ƙofa da rana tsaka?"

Muhsina ta zabura. Ashe sakatar ba ta shiga ba. Khamis na tsaye a bakin ƙofa, idonsa a kan allon, a kan fuskar kansa.

Ya turo ƙofar a hankali ya zauna a bakin gado. Ta yi zaton zai yi faɗa, ya fasa kwamfutar, ya mare ta ma. Sai ya sunkuyar da kai ya soma magana ƙasa-ƙasa. Wai wani babba ne ya tara su, wanda ya daɗe yana yi masa alƙawarin aiki. Aka ce su shiga taron su ƙona tayoyi kawai, don a samu hujjar tarwatsa mutane. Ya rantse da Allah bai san iska za ta kai wutar kan shaguna ba, bai san akwai mutum a ciki ba.

"Ka san Hashim na tsare saboda wutar nan, Yaya. Ka sani ka yi shiru kana cin abinci da mu."

"Auta..." Rabon da ya kira ta da sunan nan har ta manta. "Ki goge ni."

Ta ɗago ta dube shi.

"Kin tuna bikin Mardiyya, da na fito a bayan amarya da cinyar kaza a baki? Ina zaune a nan kika cire ni, ko ita amaryar ba ta gane ba. Ki bar tsohuwar, ki bar shi yana ceton ta, ni ki cire ni. Kowa ya huta."

Motsin da suka ji a bayan labule na Umma ne. Ta ji komai. Ta shigo ta durƙusa a gaban 'yar da ta haifa, abin da Muhsina ba ta taɓa gani ba, ta kama mata ƙafa. Ta ce yaron nan na Funtuwa yana da dangi, yana da 'yan uwa maza da za su tsaya masa. Ita kuwa ɗa namiji ɗaya Allah ya ba ta. In aka tafi da Khamis a haɗa da gawarta.

Muhsina ta ja kujera. Hawaye na ɗiga a kan hannunta ta shafe yayanta daga hoton, ta cike gurbinsa da hayaƙi. Aikin bai ɗauke ta tsawon shan kofin shayi ba.

Washegari ta tarar da Oga Linus a shagonsa, hannu a naɗe rataye a wuya, tare da Barista Wale, lauyan da ya karɓi shari'ar Hashim. Lauyan na ganin hoton, ga tsohuwar kwance a ƙarƙashin katakon, ya miƙe tsaye don murna. Oga Linus kuwa ya gyara tabarau, ya matso da fuskarsa dab da allon, ya daɗe.

"Ƙanwata, wannan hayaƙi na hagu tagwaye ne? Na gan shi a nan, na sake ganin shi a nan, iri ɗaya sak."

Muhsina ta kawar da kai daga allon.

Bai tambaye ta wa ta cire ba. Da Hausarsa mai karyewa a wasu wurare ya bayyana mata cewa hoton jarida ba hoton biki ba ne. Kotu ba za ta karɓi abin da ya bi ta hannun gyara ba, asalin katin za a nema, kuma masu ƙara suna da mutanen da aikinsu ke nan, gano inda aka taɓa hoto. In aka kama gyara ɗaya, za a ce tsohuwar ma ɗora ta aka yi. Daga nan babu sauran abin da zai fitar da Hashim.

"Yanka ɗaya kika yi ya shiga ciki," in ji shi. "Na biyu zai rufe ƙofar."

Barista Wale ya ƙara da cewa ba katin kaɗai ba, ita ma sai ta tsaya a gaban alƙali ta faɗi sunanta, ta ce ita ta ɗauka. Oga Linus ya kalli hannunsa da aka ɗaure. Ya ce yana da aboki da ya sa sunansa a ƙarƙashin irin wannan hoto, yau shekaru ke nan bai kwana gari ɗaya da iyalinsa ba. Wani kuma ido ɗaya ya rage masa, da shi yake leƙa kyamara.

"Ban ce ki yi ba. Na dai faɗa miki yadda aikin yake."

Ranar ziyara ta bi layi a gidan yari tun hantsi, kular abinci a hannu. Aka fito da Hashim. Ya rame, gefen idonsa a kumbure, yana jan ƙafar dama. Amma yana hango ta ta cikin ragar ƙarfen ya yi murmushin nan nasa da ke fara fitowa ta gefe ɗaya.

"Mai Kyamara. Yau ba a zo da kayan aiki ba? Ga shi na yi kwalliya."

Kukan da take riƙewa ya ƙwace. Ta faɗa masa komai a gurguje, yadda ta zaɓi hoton, yadda ta yanke tsohuwar don zaninta ya ɓata tsari. Ta ce ita ta kawo shi nan da hannunta.

"Wani mai gadi ya nuna min a wayarsa," ya ce. "Gaskiya na yi kyau. Ko a ɗaurin aure ban jin zan kai haka."

"Hashim, don Allah ka bar wasa. Akwai asalin hoton. Zai fitar da kai. Sai dai a gefensa akwai..."

"Na sani."

Ta tsaya cak.

"Na gan shi, Muhsina. Muka haɗa ido kafin in shiga shagon."

Sai a lokacin ta sake kallon kumburin idonsa, da ƙafar da yake ja. Barista Wale ya faɗa mata an yi ta matsa wa Hashim ya ambaci sunan ko mutum ɗaya da ya gani da fetur, a sassauta masa, ya ce shi bai ga kowa ba.

"Saboda shi aka yi maka wannan?"

"Saboda ke." Ya saƙalo yatsunsa ta ragar. "Ya zan shiga gidanku neman aure bayan na ɗaure musu ɗa? Da wane ido zan kalli Umma? Ki bar hoton nan inda yake, sahibata. Ni namiji ne, shekarun za su wuce."

"Shekarun wa? Nawa ko naka?"

"Ki ji ni..."

"Ba zan ji ba. Ran nan ma ban ji ba, yau ma ba zan ji ba." Ta share fuska da bayan hannu. "Kana so in zauna ina kallon Yaya yana shan shayi a zaure, kai kana ruɓewa a nan, sannan ka fito in aure ka in riƙa kallon ƙafar nan kullum? Wannan ba so ba ne, Hashim, kashe ni za ka yi a tsaye."

Mai gadi ya buga sanda a ƙarfe, lokaci ya cika. Ana jan sa yana waiwaye yana kiran sunanta, yana cewa ta yi masa alƙawari. Ba ta yi ba.

Daga can shagon Oga Linus ta wuce. Ta zaro katin daga kitsonta, ta ce ya wanke mata hoton babba, yadda yake, kada a taɓa ko ƙura. Ta mayar da katin inda yake.

Bayan la'asar Baba na zaune a zaure a kan buzunsa, rediyo a gefe. Malam Dogara tsohon ma'aikaci ne, mutum mai tsare gida, wanda ko muryarsa ba a cika ji ba. Bai ma san 'yarsa ta fita ranar zanga-zangar ba. Ta durƙusa ta ajiye hoton a gabansa, ta ce ita ta ɗauka.

Ya kashe rediyon. Ya sa tabarau. Ya bi hoton da yatsa daga dama, ya tsaya a kan Hashim, ya gangara kan tsohuwar. Da yatsan ya kai ƙuryar hagu sai ya tsaya bai ƙara motsi ba. Har aka fara kiran yara su shigo da awaki bai ɗago ba.

"Shi yaron ya ga Khamis a wajen?"

"Ya gan shi, Baba."

"Ya faɗa musu?"

"Sun yi masa duka har ƙafarsa ta lalace. Bai faɗa ba. Yau ma cewa ya yi in ɓoye hoton."

Baba ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

"Shi ne wanda aka ce min zai naɗe katifa ya gudu."

Ya aika aka kira Khamis. Abin da ya faɗa masa gajere ne: gobe ranar zaman kotu ce, shi zai raka Muhsina da ƙafarsa, kuma yana so ɗansa ya shiga gaba. Khamis ya tashi ya fita yana latsa waya. Daga cikin gida kukan Umma ya tashi. Da Muhsina ta shiga, Umma ta juya mata baya ta ce daga yau kada ta ƙara kiran ta uwa.

Kafin magariba wayar Muhsina ta yi ƙara, lambar da ba ta sani ba. Murya ce mai sanyi, har da sallama. Mutumin ya ce ya ji ita ce mai hannu mai kyau, ya faɗi launin ƙofar gidansu, ya faɗi hijabin da ta sa da safe. Ya ce yarinya kamarta biki ya kamata ta riƙa zuwa, ba kotu ba. Ya kashe.

Ba ta faɗa wa kowa ba. Ta dai roƙi maƙwabciyarsu ta sake mata kitso, ƙanana matsattsu.

Da safe Khamis bai fito ba, ɗakinsa a kulle. Baba ya ƙwanƙwasa har ya gaji, ya ce su tafi. Suka fito bakin titi neman keke, jakar kyamara a kafaɗarta, Baba na gaba da sandarsa. Garin ya cika da masu sammakon tafiya Abuja, motoci na ta hon, 'yan kamasho na kiran fasinja. Ba ta ji zuwan wasu mutum biyu a kan babur ba. Sai dai ta ji an fizgi jakar da ƙarfin da ya ɗaga ta sama. Igiyar ta sarƙe a hannunta, suka ja ta a kan kwalta, hijabinta na yagewa, kafin igiyar ta tsinke. Kanta ya bugi bakin kwata.

Ta ji Baba yana salati. Ta ji mutane sun taru. Wani abu mai ɗumi na gangaro mata ta goshi yana shiga ido.

Sai ta ji wasu hannuwa sun ɗago ta, hannuwan da ta sani tun tana rarrafe.

"Auta! Auta, buɗe ido!"

Ashe Khamis yana biye da su daga nesa. Yana danne mata goshi da hularsa yana surutai kamar zautacce, wai shi cewa kawai ya yi akwai hoto, sun ce masa jakar kaɗai za su karɓa, sun rantse ba za su taɓa ta ba.

"Haka suka ce maka tayoyi kawai za a ƙona," ta faɗa da ƙyar.

Ya kawar da kai.

Baba ya sunkuyo ya ce a kai ta asibiti, shari'a ta tafi tunda sun tafi da kayan. Muhsina ta girgiza kai. Ta kama hannun yayanta ta kai shi bayan kunnenta, ƙarƙashin ɗankwali, ta danna yatsansa a kan ɗan abu mai tauri da ke kwance a cikin kitson.

Ta bar hannunsa a wurin.

Ba ta da ƙarfin hana shi. In ya so, zare shi kawai zai yi ya jefa a kwatar da ke gefensu, ruwan ya tafi da shi. Ta zuba masa ido ta cikin jinin. Baba ma shi yake kallo. Yatsun Khamis suka daɗe a wurin.

Sai ya gyara mata ɗaurin ɗankwalin, ya ƙara tamke shi. Ya miƙe ya tare keke da kansa.

"Kotu," ya ce wa mai keken. "Ka yi sauri."

Da bandeji a goshi da yagaggen hijabi Muhsina ta tsaya a gaban alƙali. Aka tambayi sunanta, ta faɗa har da na mahaifinta, da ƙarfi yadda na bayan ɗaki zai ji. Aka sa katin, hotunan suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya: Hashim na shiga, Hashim na ɗaga katakon daga kan tsohuwar, Hashim na jefar da shi, Hashim na janyo ta. Lauyan masu ƙara ya tambaye ta dalilin da ya sa ta yanke hoton tun farko. Ta kalli inda Hashim ke tsaye.

"Ya yi min kyau ne," ta ce. "Na manta ba biki nake ɗauka ba."

Aka tambaye ta ko ta san mai jarkar da ke gefen hagu. Ta buɗe baki za ta amsa. Daga bayanta aka ja benci.

"Ni ne," in ji Khamis.

Ba ranar aka saki Hashim ba, sai da aka yi ta zama ana ɗagawa. Amma ya fito. Khamis ya shiga, ya kuma faɗi sunan wanda ya aike su, duk da har yau babban nan yana yawo a motarsa. Amaren da suka yi alƙawari da Muhsina suka riƙa janyewa ɗaya bayan ɗaya, wai ba sa son mai jawo magana a bikinsu. Lambar nan ta sake kira, ta sauya layi. Umma ta yi watanni ba ta amsa gaisuwarta, sai dai kullum za ta tarar an rufe mata abincinta an ajiye a bakin ƙofa.

Baba da kansa ya aika Funtuwa ya ce binciken ya ƙare.

Ba a yi taro ba. Bayan ɗaurin aure aka tsaya a tsakar gida don hoto ɗaya. Oga Linus ne ya riƙe kyamarar aro, hannunsa bai gama miƙewa ba, yana ta faɗa a matso. Hashim ya tsaya a gefenta dogare da sanda, ya sunkuyo ya raɗa mata cewa yau dai a taimaka a bar shi da ƙafafunsa a cikin hoton. Ta harare shi, dariya da hawaye suka haɗe mata.

Umma ta ƙi shiga layi. Ta zauna can gefe a kan turmi, rungume da hular Khamis, wadda jinin bai gama fita daga jikinta ba. A gefen Baba kuma aka bar gurbin mutum ɗaya, babu wanda ya ce a bari, babu kuma wanda ya matsa ya cike.

Oga Linus ya ɗauka, ya duba, ya ɗan ɓata fuska. Ya miƙo mata kyamarar ya ce akwai bokiti a baya, ga igiyar shanya, ga Hajiya can a ƙurya tana kuka. In tana so zai matso da shi a bar ango da amarya kawai.

Muhsina ta daɗe tana kallon ɗan allon. A can ƙuryar hagu, Umma ta ɗago kai daidai lokacin da aka ɗauka. Idonta jawur, amma ita take kallo.

Ta mayar masa da kyamarar, ta laluɓo hannun Hashim ta riƙe.

"A wanke shi haka, Oga. Kada a yanke komai."